Daga Buzu zuwa Tebur: Tarihin Tsara Wurin Rubutu a Zangon Lome

Tarihin unguwar Zango ta birnin Lome, hedikwatar ƙasar Togo, tarihi ne na fatauci, kuma fatauci irin na nesa bai taɓa tsayuwa a kan jari da ƙarfin tafiya kaɗai ba, domin yana bukatar wurin da za a zauna a rubuta bashi, a karanta wasiƙa, a adana shaidar abin da aka karɓa da abin da aka bayar. Wannan wurin zama, wanda ya faro daga buzun malami a cikin zaure har ya kai ga teburin ofis, yana da tsari da ladubba waɗanda suka girmi zuwan Turawa, kuma nazarinsu yana nuna cewa kintsa wurin aiki a wajen fataken Hausawa wani reshe ne na riƙon amana.

Zango, a asalin tsarin fatauci, shi ne wurin da ayari yake sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba da tafiya, daga baya sunan ya zama na unguwannin baƙi Musulmi a garuruwan kurmi da na gaɓar teku. Lome ta fara bunƙasa a wajen shekarar 1880, lokacin da 'yan kasuwa suka matso gabas don kauce wa kuɗin fiton da Ingilishi suka ɗora a yankin Keta, sannan Jamusawa suka kafa ikonsu a wannan gaɓa a 1884, suka mayar da Lome hedikwata a 1897. A cikin waɗannan shekaru ne kasuwar Salaga, wadda ta daɗe tana zama matattarar goron Gwanja ga fataken Kano da Katsina da Sakkwato, ta durƙushe sakamakon yaƙin basasa na 1892, jama'arta suka watsu zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, hanyoyin ciniki kuma suka ƙara karkata zuwa bakin teku. Gadar saukar kaya daga jiragen ruwa da aka gina a Lome a 1904, da layukan dogo da suka isa Aneho a 1905 da Kpalime a 1907 da kusa da Atakpame a 1911, sun ƙara jawo Hausawa da sauran 'yan arewa zuwa garin.

Ginshiƙin cinikin Zango shi ne maigida, wato attajirin da yake saukar da baƙon falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillalai, ya kuma tsaya masa lamuni idan an sayar da kayan bashi. Masanin Faransa Michel Agier, a littafin da ya wallafa a 1983 game da attajiran Zangon Lome, ya bayyana yadda wannan dangantaka ta maigida da yaransa da baƙinsa take riƙe da cinikin shanu da goro. Wanda duk ya ɗauki irin wannan nauyi dole ne ya san ko shanu nawa aka shigo da su da sunan wane, ko huhu nawa na goro aka sauke, da ranar da mahauci zai biya, da la'adar da za a cire, wato kason dillali a cikin ciniki. Da yawa daga cikin wannan lissafi ana riƙe shi a ka, a gaban shaidu, amma da zarar baƙi sun yawaita, bashi ya ratsa watanni, sai a koma ga malami mai alƙalami, musamman da yake aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashin da aka yanka wa lokaci da kuma kafa shaidu a kansa.

Wurin aikin irin wannan malami, kamar yadda aka san shi a duk ƙasar Hausa da zangonninta, ƙanƙane ne, amma kowane abu yana da mazauninsa. Yakan zauna a kan buzu ko tabarma, ya ɗora takarda a gwiwa, ya ajiye kurtu, wato ɗan ƙoƙon tawada, a inda hannu zai kai gare shi ba tare da ya yi kusa da takardu ba, domin ɓarin tawada sau ɗaya yana iya shafe shaidar dukiyar wani. Tawadar allo, wadda ake wankewa, daban take da ta takarda, wadda ake so ta dawwama, kuma ba a gauraya su. Alƙaluma na kara ne, ana fere su da 'yar wuƙa a tanada tun kafin a fara aiki. Littattafan ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake, saboda haka marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, ta yadda ko sun tarwatse za a iya mayar da su bisa jerinsu. Idan an kammala sai a haɗa su tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiyar fata, a saka a gafaka, wato jakar fata ta littattafai, a rataye ta a bango nesa da gara da damshi, abin da ya fi zama wajibi a gari irin Lome mai laimar teku. Ladabin addini ya ƙarfafa wannan tsari, tun da takardar da take ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita a ƙasa, ba a kuma ɗora wani abu a kan Alƙur'ani, don haka almajiri yakan koyi bambance takarda da takarda tun yana ƙarami.

Tsarin bai tsaya ga kayan aiki ba, ya shafi yadda ake gina rubutun kansa. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano a wajen 1858 ya kuma rasu a 1934, ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa tun yana matashi, ya zauna a Salaga, sannan ya zama limami a Kete-Krachi, wadda a lokacin take cikin Togon Jamus, a yau kuma take cikin Ghana. A can ne ya yi aiki da jami'in Jamus Adam Mischlich, mawallafin ƙamusun Hausa na 1906, ya rubuta masa bayanai masu yawa da ajami. Samuwar littafin nan nasa na ƙa'idojin wasiƙa shaida ce cewa wasiƙa tana da tsayayyen fasali, daga buɗewa da sunan Allah, zuwa ambaton mai aikawa da wanda aka aika wa, zuwa gaisuwa, kafin a shiga bukata, kuma wannan fasali yana sauƙaƙa wa mai karatu gano abin da yake nema ba tare da ɓata lokaci ba.

Mulkin mallaka ya zo da tebur da kujera da akawu, ya kuma zo da sababbin takardu, irin su rasit na kwastan, da lasisin ciniki, da takardar ɗora kaya a jirgin ƙasa. A cikin 'yan shekaru kaɗan harshen ofis ya sauya sau biyu, domin Ingilishi sun karɓi Lome daga Jamusawa a watan Agusta na 1914, su kuma suka miƙa ta ga Faransawa a 1920, kuɗin ma suka bi sahu daga mak na Jamus da sulen Ingila zuwa faran na Faransa, har aka ƙirƙiro sefa a 1945. Attajirin Zango ya wayi gari da lissafi iri biyu, ɗaya na hukuma da harshen mai mulki, ɗaya na cikin gida da Larabci ko ajami wanda sauyin mulki bai taɓa shi ba, kuma gwanintarsa ita ce ya raba su, ya san inda kowanne yake a ranar da aka neme shi.

An sha matsar da Zango yayin da birnin yake faɗaɗa, amma tashin da ya fi girgiza jama'a shi ne na 1977, lokacin da gwamnati ta rushe unguwar daga tsakiyar gari ta mayar da mazaunanta wajen kilomita 15 arewa da birnin, a yankin Agoe da Togblekope, aka gina bankuna da manyan ofisoshi a tsohon filin. Rushe zaure ba ya kashe bashi, kuma nisanta maigida daga kasuwa ba ya sauke masa lamunin da ya ɗauka, saboda haka a irin wannan yanayi ne darajar lissafin da aka tattara wuri guda take bayyana. Haka nan karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya nuna muhimmancin rubuta kwanan wata da irin kuɗin da aka ƙulla ciniki da shi.

A yau teburin ɗan kasuwar Zango yana ɗauke da littafin bashi, da hatimi, da takardun tashar jiragen ruwa ta Lome wadda aka buɗe a 1968, da wayar hannu da ake aika kuɗi ta cikinta, wani lokaci har da kwamfuta. Kayan sun yawaita, haɗarin cakuɗewa ya ƙaru, amma ƙa'idojin da magabata suka bari sun isa su shiryar da mai aiki, wato a bar a gaba abin da ake aiki da shi a wannan sa'a kaɗai, a ware takardun kowane baƙo daban, a jera su bisa kwanan wata, a nisanta abin da zai ɓata su, a kuma mayar da komai mazauninsa kafin a tashi. Saurin aiki da ake samu daga wannan tsari riba ce ta gaske, sai dai dalilinsa na asali ya fi haka nauyi, domin mafi yawan takardun da ke gaban maigida da akawunsa haƙƙoƙin wasu mutane ne da suka yi nisa da gida, kuma wanda ya kasa fito da takardar baƙo a lokacin da aka bukace ta ya tauye masa haƙƙi, ko da bai ci masa ko sisi ba.