Tukuici, Gyara da Canjin Gidan Mai a Ƙasar Jega

Tun kafin a kafa famfon mai na farko a bakin titin Jega, mutanen ƙasarmu sun riga sun tsara wa kansu wanda ake yi wa alheri bayan ya yi aiki, da lokacin da ake yi, da hannun da ya kamata ya miƙa. Tsarin ba a rubuce yake ba, amma yaro ɗan shekara bakwai a garin Sarandosa ya san shi. Shi ya sa idan na ji samarinmu suna gardama kan ko ya dace a bar wa mai zuba fetur canji, wannan na cewa ɗabi'ar Turawa ce, wancan na cewa cin hanci ne, sai in ga dukansu sun tsallake abin da iyayensu suka bar musu. Muna da namu tsarin, ya girmi mota, kuma ya isa ya raba gardamar.

Tushensa tukuici ne. Ranar Sallah kakata takan cika kwano da tuwon shinkafa, ta ɗora na miya a kai, ta ce in kai wa Inna ta gidan liman. Inna za ta juye, ta wanke kwanon, ba kuwa za ta maido shi wayam ba: ko ƙwai biyu, ko gyaɗa soyayya, ko sule guda ta danƙa mini a hannu, ta ce, "Ka ce mata na gode, Allah shi maimaita muna." Akwai ƙa'idoji da ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, duk da haka ban taɓa karya su ba. Ba a roƙon tukuici. Ba a tsayawa a bakin ƙofa ana jan ƙafa don a tuna da kai. Kuma da ka dawo gida sai ka buɗe hannu ka nuna abin da aka ba ka, domin amsa ce ake aika wa mai kyautar ta hannunka. Da shi kakata take gane ko saƙonta ya shiga rai. Abin da ake nufi da yaba kyauta tukuici ke nan. Haka abin yake daga ƙasa har sama: matan da suka kawo lefe ba sa tashi hannu rabbana, bafaden da ya jawo dokin da sarki ya ba wani bawan Allah shi ma yana komawa da nauyi a aljihu. Wanda ya kawo labari mai daɗi kuwa tun daga nesa yake cewa "Albishirinka!", a ce masa "Goro", ya ce "Fari ko ja?"

Goron nan ba da wasa ya shiga maganarmu ba, kuma Jega tana da hannu dumu-dumu a ciki. Buhari ɗan Malam Abdussalami, shugaban Gimbanawa, shi ya kafa garin wajen 1820, bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, a ƙarƙashin Gwandu. Cikin 'yan shekaru Jega ta zama babbar kasuwar yammacin daular Usmaniyya, kuma zangon fataken Gwanja. Ayarin jakuna daga Kano da Katsina da Sakkwato yakan yada zango a nan, ya ƙara guzuri, ya nufi kogin Kwara ya biya kuɗin fito, ya ratsa Bargu har Salaga a ƙasar Gana ta yau. Suna tafiya da tufafin rini da kanwa da fatu da gabu, busasshen ganyen albasa (wanda duk ya ga tulin albasar Aliero a yau zai gane cewa sana'ar tana da tsohon asali a ƙasar Hausa). Su dawo bayan watanni da huhunan goro, ana ƙirga shi ƙwarya ƙwarya, ɗari ɗari. Abin da ya sha irin wannan tafiya, ana yayyafa masa ruwa ana sauya masa ganye a hanya don kada ya bushe, dole ya yi daraja. Goro guda a hannun baƙo karamci ne na gaske. Yaƙin basasar Salaga a 1892 ya raunana hanyar, jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya ƙarasa ta, goro ya koma zuwa ta Ikko ya yi araha. Amma har gobe in mutum ya zaro naira ɗari biyu ya ba ɗan aike, cewa yake yi ga na goro.

A cikin kasuwar kanta akwai abin da nake so a lura da shi sosai, domin nan ne muka bambanta da wasu ƙasashe. Dillali yana da la'adarsa, wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba, ko an so ko an ƙi sai an fitar masa. Ɗan dako yana da ladan da aka yi jinga a kai, in ya kai kaya lafiya kuma mai kaya ya ji daɗi ya ƙara masa na shan fura. Sai gyara. Ita gyara daga mai sayarwa take fitowa zuwa ga mai saye. An gama ciniki, an ce albarka an sake tayawa, an sallama, an auna mudun gero har ya yi tozo, sai mai saye ya ce, "To, gyara mani," mai awo ya ɗebo da hannu ya watsa a kai. Mai nono tana yi, mai ƙuli-ƙuli tana yi, mahauci yana ɗora guntun tumbi ko kitse. Wato a kasuwarmu ta gado, wanda ya kawo kuɗi shi ake yi wa ƙari, don ya ji daɗi ya dawo. Wasu sana'o'in kuma ba a yanka musu farashi ko kaɗan. Da ƙanena ya faɗo daga kan jaki muka kai shi wurin masu ɗori a Aliero, dattijon da ya kama ƙafar bai ambaci ko kwabo ba. Da babanmu ya tambaya, sai ya ce abin da ya sawwaƙa. Wanzami da ungozoma ma a kan haka suka rayu.

Akwai kuma kyautar da malamanmu suka tsana tun farko. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafta gaisuwa, wato abin da ake kai wa mai mulki kafin ya saurari mutum, cikin al'adun zalunci na sarakunan da ya yaƙa. Hujjarsa tsohuwa ce. A littattafan hadisi na Buhari da Muslim akwai labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, aka tsawata masa a bainar jama'a domin kujerar da yake kai ce ta jawo kyautar. To ga ma'auni nan an ba mu. Tukuici yana zuwa bayan aiki, daga mai farin ciki, ga wanda ba shi da ikon hana ka komai. Gaisuwa tana zuwa kafin aiki, daga mai tsoro ko mai kwaɗayi, ga wanda yake tsaye tsakaninka da haƙƙinka.

Fetur ya shigo wannan tsari a matsayin baƙon kaya. Da fari a garwa ake kawo shi, mai cin galan huɗu, irin wadda masu sayar da ruwa suka gada. Daga baya kamfanoni irin su Shell da Mobil da Total suka kafa famfuna a manyan garuruwa, 'yan kasuwarmu suka biyo baya da nasu, har Jega, inda hanyoyin Sakkwato da Birnin Kabi da Yawuri suka haɗu, ta cika da gidajen mai. A wancan zamani gwamnati ce take yanka farashi, har ta kafa asusu a 1975 don biyan kuɗin dako, lita ta zama kuɗi ɗaya a Ikko da Maiyama. A gaban famfo babu tayi, babu albarka, babu gyara; lamba ce take juyawa ta tsaya. Yaron da ke riƙe da kan famfon kuwa ba shi ne mai kaya ba balle ya gyara maka, ba kuma kyauta ya kawo maka ba balle ka yi masa tukuici. Ma'aikaci ne mai albashi. Shi ya sa iyayenmu direbobi ba su ɗauki ba shi kuɗi wajibi ba. In ya duba musu ruwan lagireto ko ya goge gilashi, su bar masa canji su ce ya sha ruwa. In bai yi ba, a rabu da sallama.

Ƙarancin mai ne ya ɓata wannan zama. Duk wanda ya yi wayo a zamanin Abacha ya san kwanan layi, kuma abin bai daina dawowa ba. Da zarar mai ya yi wuya, ƙaramin ma'aikacin nan sai ya wayi gari da iko a hannunsa, kuɗin da ake ba shi kuma ya tashi daga bayan aiki ya koma gabansa. Na ga wannan da idona wata rana cikin rani a wani gidan mai na hanyarmu. An hana zuba mai a jarka, wai don maganin 'yan bumburutu. Wani dattijo manomin albasa yana tsugune da jarkarsa tun hantsi, injin ban-ruwansa yana can fadama a kashe. Ya miƙe ya ce wa yaron, "Ɗana, don Allah ka taimaka, shuka na ƙonewa." Yaron bai ɗago kai ba ya ce, "Baba, doka ce." A bayan ofis kuwa jarkoki ne jere ana cika su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da kuɗin jarka a kanta, motocin da suka sa hannu a aljihu suna shigowa ta ƙofar fita. Masu ba da kuɗin nan da na goro suke kiransa. Ni ban yarda ba. Gurbin dattijon nan suka saya, gaisuwa ce irin wadda Shehu ya hana, ko da ba sarki ne yake karɓa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a bakin titi wajen ɗan bumburutu, wanda kowa ke zagi, can ne tsohuwar al'adar kasuwa ta rage. Ya kafa mazurari ya juye maka galan, ka ce ya gyara, ya ɗauko 'yar kwalba ya tsiyaya maka ƙari. Farashinsa da tsada, amma shi mai kaya ne, yana so ka dawo.

Masu cewa mu yi koyi da waje ya kamata su san cewa wajen ma ba baki ɗaya suke ba. A Japan ba a bayarwa, wanda ka miƙa wa zai iya bin ka ya maido maka. A Afirka ta Kudu ma'aikacin gidan mai yana goge gilashi ya duba iskar taya, an kuma saba ba shi 'yan canji. A Amurka yawanci mutum ne yake zuba wa kansa mai. Jihar New Jersey ce ta rage da dokar 1949 da ta hana haka, bayan Oregon ta sassauta tata a 2023, kuma a can ma ba a ɗauki ba mai zubawa wani abu dole ba. Inda abin ya yi musu katutu shi ne gidajen abinci. Dokar tarayyarsu ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kawai a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, a bar masu cin abinci su cike sauran. Wasu jihohinsu sun taɓa haramta al'adar ba ma'aikaci tukuici gaba ɗaya daga 1909, amma kafin 1926 ta wuce duk an soke dokokin. Wannan ne ba na fatan ya same mu: mai gida ya sauke nauyin albashi ya ɗora wa baƙo, alheri ya koma haraji.

To ni abin da nake yi ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana. In babu layi, yaron ya zuba mini mai cif, ya maido lamba sifili a gabana ba sai na ce ba, ko ya taya ni tura babur da ya ƙi tashi, nakan ba shi abin da ya sawwaƙa bayan na biya, in ce masa Allah ya yi albarka. In akwai layi ba na bayarwa, ko kafin ko bayan, domin wanda ke bayana zai ɗauka sayen gurbi na yi, yaron ma zai fara duban aljihu kafin ya dubi fuska. In kuma shi ya fara cewa "Alhaji, ba na goro?", ya karya ƙa'idar da yaran Sarandosa suka sani, nakan gaya masa haka cikin mutunci. Ba na ganin laifin ɗan kabu-kabun da ya tsaya sai an ba shi canjinsa na naira hamsin. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haye 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda yake sayen lita ɗaya da rabi don ya yi aikin yini, hamsin ɗin nan kuɗin kokon ɗansa ne.

Su ma yaran gidan mai abin tausayi ne, kuma kwanan nan ɗan abin da suke samu ya ƙara tsukewa. A da canjin da ba a iya bayarwa shi ne rabonsu, tun da kwabbai sun ɓace daga hannun mutane, har waɗanda Babban Banki ya sake fitarwa a 2007 ba su karɓu ba. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya da biya da kati, yanzu kuɗi yana tafiya kai tsaye asusun mai gida, daidai da lambar famfo, babu abin da ya saura a tafin yaron. Waɗanda na zanta da su suna tsaye daga asuba zuwa isha'i cikin warin fetur, kuma in lissafi bai cika da dare ba, ko jabun kuɗi aka liƙa musu ko saƙon banki na ƙarya, daga albashinsu ake cirewa. A Yulin 2024 an sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sai dai ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, yawancin gidajen man da ke tsakanin Maiyama da Jega da Aliero kuwa ba su da rabin haka. Albashin yaran nan ya rage tsakaninsu da masu gidajen, waɗanda akasarinsu 'yan garin nan ne, mun san su sun san mu, sahu ɗaya muke sallar Juma'a da su, kuma ya kamata mu fara tambayarsu nawa suke biya.