Lissafin Kwanan Wata a Wajen Hausawan Abijan

Hausawan da fatauci ya kai Abijan, musamman bayan buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, sun zauna a Adjamé da Treichville riƙe da kalandar Hijira. Da ita suke azumi, da ita suke tuna haihuwa. Amma ofishin Faransawa bai san Safar ko Rajab ba, shekarar Miladiyya yake nema. Wanda ba shi da takardar haihuwa sai a rubuta masa "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza, kuma wannan kirdado yakan bi mutum har tsufansa.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365 ko 366. Saboda haka shekara 33 ta Hijira kusan 32 ce ta Miladiyya. Sai a raba shekarar Hijira gida 33, a ɗebe sakamakon daga cikinta, a ƙara 622. Misali, 1380 in an raba ta bayar da kusan 42; an ɗebe, saura 1338; an ƙara 622, ya zama 1960. A watan Safar na wannan shekara, ranar 7 ga Agusta, Kwaddibuwa ta sami 'yancin kai.