Tarihin Koyar da Karatu da Cusa wa Yara Son Littafi a Makarantun Firamare na Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu waiwayi hanyar da aka bi wajen koya wa yaran firamare karatun Hausar boko, domin mu ga darasin da ke cikinta. Abin da muke son nunawa shi ne, koya wa yaro haɗa baƙi da wasali aiki ne guda, sa shi ya ƙaunaci littafi kuma wani aiki ne dabam. Duk lokacin da aka yi na farko aka bar na biyu, wahalar malami takan tashi a banza.

2.0 Kafin Zuwan Boko

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da tsararriyar hanya ta koyar da karatu. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, wato sanin haruffa tsurarsu, sa'an nan ya shiga farfaru, inda zai koyi ɗora musu wasali, kafin ya kai ga karanta surori a jere. A gida kuma, bayan sallar lisha, tsofaffin mata sukan tara yara su yi musu tatsuniya. Ke nan yaro yana samun horon ido da harshe a gaban malam, yana kuma samun daɗin labari a gindin kakarsa. Sai dai waɗannan abubuwa biyu ba su haɗu a kan takarda guda ba.

3.0 Daga Fassara Zuwa Talifi

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, inda aka koyar da Hausa da haruffan Romawa. Ba da jimawa ba matsala ta fito fili: yara sun iya haɗa baƙi, amma abin karantawar ya yi ƙaranci ƙwarai. Don haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta juyo wasu littattafai daga Larabci da Ingilishi zuwa Hausa.

Dr. R. M. East, wanda ya shugabanci hukumar a Zariya, ya lura cewa fassara kaɗai ba ta isa ta ja hankalin yaro ba. A 1933, lokacin da hukumar ta koma Hukumar Talifi, ya zagaya garuruwa yana neman malamai su ƙago labarai da kansu, aka kuma sa gasa. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

4.0 Magana Jari Ce

A ganinmu, nan ne tarihin ya kai gaɓarsa mafi muhimmanci. A 1936 aka aro Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, musamman don ya rubuta wa 'yan makaranta littafin karatu. Sakamakon wannan aiki shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939.

Ya kamata mu tsaya mu dubi yadda aka gina littafi na farko. Wani aku ne yake tsare ɗan sarki Musa da hira, dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Duk sa'ad da yaron ya yunƙura zai tafi, sai akun ya ɗauko wani labari, har gari ya waye. Dabarar da akun ya yi wa Musa ita ce littafin yake yi wa ɗalibi: kowane labari gajere ne, ana iya gama shi a darasi guda, amma yaro ba zai natsu ba sai ya san abin da zai faru gobe. Imam ya ɗebo labarai da dama daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiyawa, amma ya sa musu rigar Hausa, da sarki da waziri da kasuwa da ɓarawo, irin waɗanda yaro ya sani. Ta haka daɗin tatsuniya ya sauko kan takarda, abin da aka rasa a da.

Bayan haka sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Hukumar NORLA kuma, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta buga ƙananan littattafai masu araha domin Yaƙi da Jahilci. Wanda ya koyi karatu a wannan zamani yakan sami abin da zai ci gaba da karantawa bayan ya bar aji.

5.0 Yawan Ɗalibai da Ƙarancin Littattafai

A 1976 gwamnatin tarayya ta soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, a 1977 kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Niyyar tana da kyau, amma yara sun tuɗaɗo fiye da yadda aka shirya musu. Azuzuwa suka cika, ƙwararrun malamai suka yi kaɗan, littafi ya zama na malami shi kaɗai. A makarantu da yawa karatu ya koma maimaita abin da aka rubuta a allon bango, yaro ya haddace da ka, alhali bai taɓa riƙe littafin labari a hannunsa ba.

Abin lura shi ne, ƙishirwar karatu ba ta mutu ba. Daga wajen 1984 matasa, maza da mata, suka shiga buga littattafan soyayya da kuɗinsu, musamman a Kano, aka kuwa yi ta saye ana haya. Amma waɗannan na samari ne da matan aure, ɗan aji uku bai sami nasa rabon ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da shawarwari uku. Na farko, a ba malamai horo sosai kan koyar da baƙi da wasali daki-daki, kamar yadda makarantar allo ba ta tsallake babbaƙu. Na biyu, a ware lokaci kowace rana da malami zai karanta wa yara labari don daɗinsa kawai, ba don jarrabawa ba. Na uku, jami'o'i da hukumomin ilmi da kamfanonin ɗab'i su farfaɗo da gasar rubuta wa ƙananan yara littattafai, a kuma tabbatar kowane aji yana da akwatinsa na littattafai da yaro zai ara ya kai gida. Mu malamai da muka taru a nan, da yawanmu akun Imam ne ya fara zaunar da mu. Hakkin yaran da ke firamare yana wuyanmu, mu sama musu nasu akun.