Daga Mai Hoto Zuwa Wayar Hannu a Masana'antun Kano

Kafin zuwan wayar salula, ma'aikacin masaƙa a Bompai ko Sharada da ke buƙatar hoton fasfo sai ya je shagon mai hoto, a ɗauke shi da fim, ya jira a wanke. Hoton bidiyo kuwa sai a biki ko taron kamfani, inda ake hayar mai kyamara ya naɗa a kaset.

A shekarar 2000 kamfanin Sharp na Japan ya fitar da waya mai kyamara, a 2001 kuma layukan GSM suka fara aiki a Najeriya. Wayoyin farko sun yi tsada, hotonsu kuma dishi-dishi ne. Da wayoyin Sin irin su Tecno suka cika kasuwar Farm Centre, kyamara ta shiga aljihun lebura.

A nan ne sana'a ta fi amfana. Dillalin fata a Challawa yakan ɗauki hoton kaya ya tura wa mai saye ta WhatsApp, bakanike kuma ya ɗauki hoton ƙarfen injin da ya lalace domin a nemo masa irinsa. Masu shagon hoto ne suka fi jin jiki, domin wankin fim ya kusa ɓacewa a Kano.