Abin da Ƙidayar Tsuntsaye Ba Ta Gani a Dausayin Haɗeja-Nguru

A watan Janairu, lokacin da agwagin ruwan Turai suka cika tafkunan Dagona da Nguru, masu ƙidayar tsuntsaye kan shiga kwalekwale da madubin hangen nesa su yi lissafi. Aikin wani ɓangare ne na ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da aka fara a 1967, kuma yana cikin hujjojin da suka sa aka shigar da Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000. Aiki ne mai daraja. Sai dai hujjar wannan maƙala ita ce, halittun da suka fi taɓa cikin mutumin fadama da lafiyarsa ba su samu irin wannan kulawa ba.

Dausayin ya samu ne a inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa tsakanin tuddan yashi kafin su zama Komadugu Yobe. Rayuwarsa ta dogara ga zuwan ruwa da janyewarsa. Idan ambaliya ta zo da damina, kifi ya bi ta cikin ciyayi ya hayayyafa, manomi ya shuka shinkafa. Idan ta janye, a bi danshi da wake da kayan lambu, makiyayi ya sami burtali da ɗanyar ciyawa, mata su tara bado, masunta su kwashe tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu a kududdufai. Wato kalandar ruwa ita ce kalandar tukunya.

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya wannan tsari. An fi yawan magana a kan raguwar ambaliya, amma a ganina sauyin da ya fi illa shi ne ruwan da ake saki har cikin rani. Ƙasar da a da take bushewa wata da watanni ta koma jiƙe kullum, wannan kuwa shi ciyawar kachala take so. Ta toshe mashigai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta karkatar da ruwa ya yi wa wasu garuruwa yawa yayin da wasu ke neman na sha. Cikinta tsuntsun jan-baki ke kwana, ya wayi gari a gonar gero da shinkafa. A gindinta kuma, inda ruwa ke kwance ba gudu, sauro da ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya suke samun mazauni. Yaron da ya shiga wanka ko kamun kifi ya fito da cutar da za ta sa shi fitsarin jini, ta rage masa jini, alhali kifin da zai gina jikinsa ya yi ƙaranci a gida. Ciyawa ɗaya ta taɓa rumbu da miya da mafitsara.

Abin da ya faru a Senegal ya nuna yadda sarƙar take. Bayan an gina madatsar Diama a 1986, tsargiya ta ɓarke a yankin Richard Toll. Cikin dalilan har da ɓacewar wani jatan lande na kogi da ke cin katantanwa, wanda madatsar ta tare wa hanyar zuwa ruwan gishiri inda yake hayayyafa. Da masu bincike suka mayar da shi wani mashayi, katantanwa masu cutar sun ragu, kamuwar mutane ma ta yi sauƙi. Halittar da ba wanda ya damu ya ƙirga ashe magani ce.

Ana iya cewa tsuntsu ma'auni ne, idan ya yi yawa dausayi na lafiya. Wannan gaskiya ce rabi. Tsuntsun ruwa yana iya jin daɗin tafkin da ba ya ƙafewa, wanda shi ne ya kori manomin fadama. Adadinsa kuma yana hawa da sauka saboda abin da ya same shi a Turai ko a hanyar Sahara.

Saboda haka sa ido a kan halittun dausayin ya kamata ya haɗa da nau'in kifin da ake saukewa a bakin ruwa da girmansa, da faɗin da kachala ta ci kowace shekara, da yawan katantanwa a mashaya, a kuma ajiye su kusa da rajistar asibitocin karkara. Ba sai an jira ƙwararru daga nesa ba. Sarkin ruwa ya san kifin da ya daina shiga koma, mai ƙyafe kifi ta san watan da banda ta fara tsada, malamin firamare kuma ya san yara nawa a ajinsa suke fitsarin jini.