Daga Allon Sifawa zuwa Wayar Hannu

Wajen 1810 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauka Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga ta yau, ya zauna har 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Kayan karatu a lokacin allo ne da tawada da alƙalamin gamba, sai takarda mai tsada da fatake ke ƙetaro Sahara da ita. Kowane littafi sai an kwafe shi da hannu. To, ta yaya ilimi zai kai ga makiyayi a ruga da matar da ke cikin gida?

Malaman jihadi sun bi ta hanyar waƙa. Suka zuba tauhidi da fiƙihu cikin baitocin Fulatanci da Hausa, don abin da aka rera ba ya wuyar haddacewa. Nana Asma'u ta ƙara da tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka. A ganina wannan dabara ta fi duk na'urar da ta biyo baya hikima, domin darasin da malamar tare suke tafiya. Ko Shehu Shagari, wanda aka haifa a Shagari a 1925 ya kuma fara da makarantar allo, da ya zama malamin boko waƙa ya yi wa ɗalibansa, Waƙar Nijeriya, don su san ƙasarsu.

Sai rediyo ya zo. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna ya shiga zauruka da ɗakunan mata, kaset ya biyo baya. Wayar salula ta iso a 2001. Yau ɗalibi na bitar hadda da ƙira'ar Husari a aljihunsa, yana karɓar darasi ta WhatsApp. 

Amma waya ba ta jin inda yaro ya karkace a harafi, balle ta gyara masa baki. Wannan aikin alaramma ne, shi ne kuwa aka bari a baya. Mahukuntan ilimi na Sakkwato, kafin ku raba kwamfutoci, ku fara horar da malaman allo da na Islamiyya na Boɗinga da Shagari, ku kuma sa musu wutar sola.