Daga Allo Zuwa Takardar Insha'i: Koyar da Matakan Rubutu da Siffofin Kyakkyawan Rubutu a Makarantun Ƙasar Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake koyar da insha'i a makarantun sakandare, ta kuma kawo tsarin da zai dace da ɗaliban ƙasar Haɗejiya da fadamunta. Hujjar da aka gina maƙalar a kanta ita ce, ɗalibi ba ya gane siffofin kyakkyawan rubutu don an lissafa masa su a allon aji; yana gane su ne idan aka ɗaura kowace siffa a kan matakin da ake samar da ita, wato tanadi, da daftari, da bita, da tacewa, da gabatarwa. An bi hanyar nazarin rubuce-rubucen masana, aka gwama su da al'adar gyaran allo ta tsangaya da kuma rayuwar yankin. Nazarin ya nuna cewa yankin yana da abubuwa biyu da darasin insha'i bai ci moriyarsu yadda ya kamata ba: wadatar abin faɗa, da sabo da gyara. A ƙarshe an ba da shawarwari kan rabon darussa da rabon maki.

Muhimman kalmomi: insha'i, matakan rubutu, daftari, bita, Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Salon da aka fi sani wajen koyar da insha'i shi ne malami ya rubuta take a allo, ɗalibai su duƙufa, a karɓi littattafai in an kaɗa ƙararrawa, bayan kwanaki a dawo da su da jan biro da maki. Abin da ya gudana tsakanin take da maki, wato yadda yaro ya nemo abin faɗa, ya jera shi, ya sauya shawara, ba ya shiga darasi. Da wannan salo ana auna rubutu ne, ba a koyar da shi.

Maƙalar ta ɗauki masarautar Haɗejiya a matsayin farfajiya, da ƙananan hukumominta 8: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri. Tambayoyinta biyu ne. Waɗanne matakai ne ya kamata ɗalibi ya bi kafin a ce ya gama rubutu? Kuma a wane mataki ake gina kowace siffa ta kyakkyawan rubutu?

2.0 Bitar ayyukan da suka gabata

Nazarin rubutu ta fuskar matakai ya yi ƙarfi ne a Amurka. Janet Emig (1971) ta sa 'yan ajin ƙarshe na sakandare suna faɗar abin da ke ransu a bayyane yayin da suke rubutu, ta gano cewa rubutun makaranta ba ya ba su sararin tunani kafin farawa, balle komawa kan abin da suka rubuta. Donald Murray (1972) ya yi kira da a koyar da hanyar rubutu, a daina tsayawa kan abin da aka gama kawai. Linda Flower da John Hayes (1981) sun nuna cewa tsarawa da zubawa a takarda da bita ba a jere suke tafiya ba. Marubuci yakan koma tsari yana tsakiyar jimla. Nancy Sommers (1980) kuwa ta gano cewa ɗalibai sun ɗauki bita a matsayin sauya kalma da kalma, alhali ƙwararru hujjar kanta suke sake wa fasali.

Dangane da siffofi, Paul Diederich da abokan aikinsa (1961) sun ba wa masu karatu 53 insha'i 300 su rarraba su daraja 9. Babu takardar da ta samu ƙasa da daraja 5 mabambanta. Da aka bi diddigin saɓanin, sai aka ga kowane rukuni da abin da ya fi damunsa: tunani, ko tsari, ko armashi, ko zaɓen kalmomi, ko ƙa'idojin rubutu. Steve Graham da Dolores Perin (2007) sun tattara gwaje-gwaje masu yawa, suka nuna cewa koyar da dabarun tsarawa da bita a fili yana inganta rubutu ƙwarai, yayin da koyar da nahawu shi kaɗai, a ware da rubutu, bai inganta shi ba.

Tafarkin koyar da rubutu ta fuskar matakai bai rasa masu suka ba. Lisa Delpit (1988) ta yi gargaɗin cewa sakar wa yara mara su rubuta yadda suka ga dama yana cutar da waɗanda ba su taso da daidaitaccen harshe a gida ba, domin su ne suka fi bukatar a bayyana musu ƙa'ida ɓaro-ɓaro. Gargaɗin ya shafi yankin da ake magana a kai, inda ajin Hausa ke haɗa masu karin harshen Haɗejiya da 'ya'yan Fulani da Mangawa da Badawa.

A ɓangaren Hausa, tarihin rubutun boko da Ibrahim Yaro Yahaya (1988) ya tattara a Hausa a Rubuce ya nuna cewa ƙagaggun labaran farko ba faɗowa suka yi daga sama ba. Gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta bi ta hannun edita kafin a kai ga ɗab'i. Jiki Magayi ma da sunan mutum biyu ya fito, John Tafida da East. Ke nan littattafan da ake karantar da ɗalibai a yau su ma sai da suka sha gyara.

3.0 Hanyar nazari

Nazarin na ƙwanƙwance bayanai ne. An ɗauko ra'ayoyin masanan da aka ambata, aka auna su da abubuwa uku: tsarin jarrabawar WAEC da NECO, al'adar karatun allo, da yanayin rayuwar fadama. Misalan sakin layi da ke sashe na 5 an ƙirƙire su ne domin bayani.

4.0 Abin da ɗalibin Haɗejiya ya zo da shi aji

4.1 Wadatar abin faɗa

Kogin Haɗejiya shi ke tsara shekarar mutanen yankin. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya: maimakon ya cika da damina ya janye da rani, sai ya zama yana kwance a wasu hanyoyin duk shekara. Wannan ya ba kacalla damar mamaye magudanai, ta toshe su, ruwa ya riƙa fantsama gonaki da gidaje, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu maɓoya kusa da shinkafa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun taɓa garuruwa da dama a masarautar. Yaron da ya taya cika buhunan yashi a bakin jinga, ko ya yini yana korar tsuntsaye, ko ya ga yadda ake banda tarwaɗa kafin a kai kasuwar kifi ta Haɗejiya, yana riƙe da sanadi da sakamako, da jerin aiki daki-daki, da saɓanin manomi da makiyayi da masunci kan ruwa ɗaya. Waɗannan su ne ƙashin bayan insha'in bayani da na labari da na muhawara. Idan irin wannan yaro ya ce ba shi da abin rubutawa, sau da yawa take ne ya yi nisa da shi, ko kuwa ba a taɓa nuna masa cewa abin da ya sani ya isa shiga takarda ba.

4.2 Sabo da gyara

Yawancin ɗaliban sun ratsa makarantar allo. A tsangaya, mai neman hadda yakan yi satu, wato ya rubuta karatunsa da ka a allo, sannan ya kai darasu, inda alaramma zai bi rubutun harafi-harafi ya nuna inda aka yi tuntuɓe. Ba wanda ke jin kunyar a gyara masa allo, domin kowa ya san gyaran cikin karatun yake. Amma akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. Gyaran allo yana mayar da mai rubutu ne ga nassin da ba ya sauyawa, bitar insha'i kuwa tana tura shi neman ma'anar da shi kansa bai gama kamawa ba. Abin da malamin insha'i zai ara shi ne ɗabi'ar miƙa aiki a duba ba tare da fargaba ba. Idan ya ari ma'aunin daidai ko kuskure kaɗai, bita za ta tsaya a farautar harufa.

5.0 Matakai da siffofin da ake ginawa a cikinsu

5.1 Tanadi: ma'ana da sanin mai karatu

Siffar farko ta kyakkyawan rubutu ita ce ya kasance da magana guda da yake son isarwa ga wani takamaiman mutum. Kafin a taɓa biro, ɗalibai su tattauna, su tambayi iyaye, su jera abin da suka sani. “Ambaliya” fage ne mai faɗi. “Wasiƙa ga mai unguwa kan gurbin da jinga ta fi rauni” ta riga ta faɗa wa yaro wa yake yi wa magana da abin da yake nema.

5.2 Daftari: tsari da kwararar zance

A nan ake gina gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, kowane sakin layi da batunsa. Malami ya bar jan biro a aljihu, domin yaron da ke tsoron kuskure gajerun jimlolin da ya haddace zai yi ta maimaitawa.

5.3 Bita: ƙwaƙƙwaran bayani da murya

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi tasiri. Ga irin daftarin da aka saba gani:

“Ambaliyar ruwa abu ne marar kyau. Tana jawo asarar rayuka da dukiyoyi. Mutane suna shan wahala sosai. Ya kamata gwamnati ta taimaka.”

Babu kuskuren ƙa'ida ko ɗaya a ciki, amma wanda bai taɓa ganin kogi ba ma zai iya rubuta shi. Malami ba ya bukatar gyara komai, tambaya kawai zai yi: “Da wane lokaci ruwan ya shigo? Ta ina? Me kuka fara ɗauka?” Amsoshin su ne daftari na biyu:

“Da tsakar dare ruwan ya karya jinga ta gefen gonar kawuna. Kafin asuba ya kai gwiwa a tsakar gidanmu. Inna ta ɗora buhun gero a kan gado, ni kuma na saɓa ƙanena a wuya muka nufi firamare, inda tudu yake. Shinkafar kawu saura mako biyu a yanke ta.”

Kalmar asara ba ta fito ba, amma jimlar ƙarshe ta sa mai karatu ya lissafa ta da kansa. Aikatau irin su karya da ɗora da saɓa sun maye gurbin “shan wahala sosai”. A nan ne ɗalibi ke gane cewa armashi daga ganin ido yake fitowa, ba daga cusa karin magana a kowane sakin layi ba.

5.4 Tacewa: ƙa'idojin rubutu

Sai magana ta zauna sannan a waiwayi harufa masu lanƙwasa, da rabawa da haɗe kalmomi, kamar rubuta “shi ne” a rabe da “yana” a haɗe, da aya da waƙafi. Bisa gargaɗin Delpit, a koyar da waɗannan a fili, ƙa'ida ɗaya ko biyu a mako, daga jimlolin ɗaliban kansu. Kalmar karin harshen gida tana da gurbinta a bakin taurarin labari. A wasiƙar hukuma kuwa daidaitacciyar Hausa ake bukata. A nuna wa yaro cewa zaɓi ne na muhalli, ba aibi ba ne a harshen iyayensa.

5.5 Gabatarwa

Rubutun da malami kaɗai zai gani ba ya sa yaro ya damu da mai karatu. Karantawa a taron safe ko liƙawa a bangon aji ya wadatar.

6.0 Ƙalubale biyu

Na farko shi ne jarrabawa. A takardar Ingilishi ta WAEC ana son kalmomi kusan 450 cikin kimanin minti 50, ana kuma raba maki kan ƙunshiya da tsari da sarrafa harshe da ƙa'idoji. Ana iya cewa babu lokacin daftari biyu a zauren jarrabawa, kuma gaskiya ne. Sai dai uku daga cikin ma'aunan huɗu a tanadi da daftari da bita ake koyonsu. Wanda ya saba da matakan a aji zai iya dunƙule su: 'yan mintoci na tsarawa a gefen takarda, sannan dubawa kafin miƙawa.

Na biyu shi ne cunkoson aji da katsewar karatu lokacin ambaliya, sa'ad da wasu makarantu kan koma matsugunin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Maganin cunkoso shi ne rukunin ɗalibai 4 ko 5 masu karanta wa juna da tambayoyi uku: me ka fahimta, ina ka rikice, me kake son a ƙara? Malami ya duba rukuni-rukuni bi da bi. Rubutu mai matakai kuma ya fi jure katsewa, domin daftarin da ke cikin littafin yaro ana iya ci gaba da shi a gida.

7.0 Kammalawa da shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa kowace siffa ta kyakkyawan rubutu tana da matakin da ake gina ta, kuma ɗalibin Haɗejiya ya riga ya mallaki abin faɗa da juriyar gyara. Saboda haka ana ba da shawarar a rage yawan insha'i a zango zuwa 3 ko 4, kowanne ya ratsa matakan duka. A ware wani kaso na makin aikin aji ga tanadi da bita, ta yadda za a miƙa daftarin farko tare da na ƙarshe. A kuma ciro taken rubutu daga noma da su da kiwo da kasuwancin yankin. Sassan koyar da harsuna na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Ilimi ta Gumel su ne suka fi dacewa su sa ɗalibai malamai su yi rubutu da wannan tsari kafin su fita koyarwa, su kuma jagoranci gwada shi a azuzuwa, a kwatanta da salon da aka saba, domin a auna tasirinsa da alƙaluma.